Sa hannu a takardar sulhu kafin rauni ya warke: muhawara kan hatsarin babur da neman diyya

Malam Bashir:
Assalamu alaikum. Ina da tambayar da nake so masana shari'a da masana lafiya na wannan zaure su warware mana, domin abu ne da yake yawan samun masu hawa babur. Mota ta buge mai babur, an kwantar da shi a asibiti da karaya a ƙafa, kafin mako ya zagayo sai ga dangin direban ko wakilin kamfanin inshora da kuɗin magani da wata takarda, wadda aka rubuta a cikinta cewa majinyacin ya karɓi haƙƙinsa gaba ɗaya kuma ba zai ƙara neman komai ba. Shi kuwa yana kwance, ga ciwo, ga bashin asibiti, ga mutane tsaye a kansa suna ba shi haƙuri. Shin ya sa hannu ya huta, ko ya ƙi? Idan ya ƙi, me zai riƙe a hannunsa ranar da za a tsaya gaban alƙali, alhali mutane da yawa sun riga sun ɗauka cewa duk hatsarin da aka ga babur a ciki, mai babur ne da laifi?

Alhaji Tanko:
Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Ni a ganina ya karɓa, ya sa hannu, a rabu lafiya. Na daɗe ina tuƙi, kuma na san babu direban da yake fitowa daga gida da niyyar buge mutum. Wanda ya tsaya, ya ɗauki wanda ya buge zuwa asibiti, ya dawo da kuɗi a hannu yana ba da haƙuri, ya yi abin da mutumin kirki yake yi, bai kamata a saka masa da sammaci ba. Ban da haka, duk wanda ya taɓa shiga kotu ya san yadda ake ɗage zama har mai ƙara ya gaji don kansa, sa'an nan abin da ya samu a ƙarshe lauya ya kwashi kaso mai tsoka. Hatsari ƙaddara ne, sulhu kuma alheri ne.

Dakta Hauwa:
Alhaji, ban musa maka alherin sulhu ba, amma ina roƙon ka dubi lokacin da ake kawo takardar. A makon farko, ni kaina da nake riƙe da hoton ƙashin ba zan iya gaya wa majinyaci yadda ƙafarsa za ta ƙare ba, balle wanda ya zo dubiya.

Mai babur ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi, saboda haka jikinsa ne yake karɓar dukan, kuma sau biyu yake karɓa: sau ɗaya a jikin mota, sau ɗaya a kan kwalta. Karayar da muka fi gani ita ce ta ƙwauri, domin daidai nan gaban mota yake samun ƙafar. Ƙashin ƙwauri fata ce kawai ta rufe gabansa, shi ya sa yakan huda ta ya fito waje, ƙasa da yashi su shiga. Ko da komai ya tafi daidai, wannan ƙashi yana ɗaukar kimanin wata 4 zuwa 6 kafin ya haɗe, kuma akwai wanda nasa ba ya haɗewa sai an sake tiyata, akwai wanda ƙwayoyin cuta suke zama a cikin ƙashin ya riƙa fitar da ruwa shekara da shekaru. Wanda ƙugunsa ya goce, jini yana iya daina isa kan ƙashin cinyarsa, ƙashin ya riƙa mutuwa a hankali, kuma wani lokaci sai bayan shekara ɗaya ko biyu abin yake bayyana. Akwai wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa, wanda yake karyewa idan mutum ya dafa ƙasa yayin faɗuwa. Sau da yawa hoton ranar farko ba ya nuna karayarsa, sai an sake ɗauka bayan kamar kwana 10 zuwa 14. Wanda kuma ya faɗi a kan kafaɗa, wuyansa ya karkata ɗaya gefen, jijiyoyin da suke sarrafa hannu suna iya tsinkewa, kuma ana yin watanni ana jira kafin a san ko hannun zai sake motsi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kai. Mutum yana iya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya miƙe yana magana daidai har yana cewa a bar shi ya tafi gida, alhali jini yana taruwa a cikin ƙoƙon kansa, bayan 'yan sa'o'i ya faɗi. Wani kuma, musamman dattijo, jinin yana tsatsafowa ne a hankali, sai bayan makonni a ga yana ruɗewa ko yana jan ƙafa. Farfaɗiya ma tana iya biyo bayan mummunar buguwar kai da daɗewa. To, wanda ya sa hannu ranar ta biyar, a kan wane rauni ya yi sulhu? A kan wanda aka gani ne kawai.

Barista Aminu:
Dakta ta taɓo ainihin wurin. A ƙasashe da yawa, musamman masu bin tsarin shari'ar Ingila, sau ɗaya ake yanke diyyar rauni, kuma dole wannan adadi ɗaya ya ƙunshi abin da ya wuce da abin da zai zo. Takardar da ta ce an biya haƙƙi gaba ɗaya yarjejeniya ce mai ɗaure wanda ya sa mata hannu. Kotu takan rushe ta idan an tabbatar da yaudara, ko tilas, ko cewa mutumin ba ya cikin hayyacinsa, ko kuma yaro ne da aka yi sulhu a madadinsa ba bisa ƙa'ida ba, amma hujjar cewa ciwon ya fi yadda aka zata ba kasafai take wadatarwa ba.

Sai dai, Malam Bashir, ba hanya biyu ce kawai a gabansa ba. Karɓar kuɗin magani daban, yafe sauran haƙƙi daban. Yana iya karɓar abin da aka kawo, a rubuta a takardar shaida kamar haka: "Na karɓi wannan kuɗi a matsayin wani ɓangare na kuɗin magani, kuma karɓarsa ba ta soke haƙƙina na neman abin da ya rage ba." Direban da ya zo da zuciya ɗaya ba zai ƙi wannan ba, tunda an rubuta abin da ya bayar kuma za a cire masa shi daga lissafin ƙarshe.

Wasu ƙasashe sun gane wannan matsala har suka sa ta a doka. A Faransa, dokar hatsarin hanya ta 1985 ta wajabta wa kamfanin inshora ya gabatar da tayin biya cikin wata 8 daga ranar hatsari, tayin kuma yana iya zama na wucin gadi idan raunin bai tsaya ba, sa'an nan ko majinyaci ya amince da sulhu yana da kwana 15 da zai iya janyewa. A Ingila kotu tana iya ba da umarnin a biya wani abu kafin a gama shari'a, tana kuma iya barin ƙofa a buɗe idan akwai fargabar wata cuta takamaimai kamar farfaɗiya.

Abin da ake lissafawa kuwa ya wuce kuɗin asibiti nesa ba kusa ba. Akwai tiyatar cire ƙarfe da za a yi nan gaba, da gashin ƙashi, da kuɗin shigar da ya tsaya tsawon jinya, da raguwar ƙarfin neman abinci idan naƙasa ta zauna, da gyaran babur, da wahalar wanda ya bar aikinsa ya zauna jinya, da kuma raɗaɗin da mutum ya sha. Magini ko tela da ya rasa amfanin hannunsa na dama yana ɗan shekara 30, asararsa ta sauran shekarun aikinsa ce gaba ɗaya.

Lawal:
Barista, abin da ka faɗa na gan shi da idona lokacin da na yi jinyar tawa karayar. Wanda gadonsa yake kusa da nawa matashi ne, an sa masa ƙarafa a ƙwauri sun fito ta waje. Wata rana da yamma, bai daɗe da karɓar allurar kashe zafi ba, idonsa yana lumshewa, mutum uku suka shigo da ambulan da takarda mai shafi biyu. Ba wanda ya karanta masa ita. Hannunsa na dama yana ɗaure da robar ƙarin ruwa, sai suka ɗora takardar a kan faranti suka kama babban yatsansa na hagu suka dangwala, kawunsa yana gefe yana ta godiya. Bayan watanni na haɗu da shi a layin ganin likita, ƙafar tana naɗe, ruwa ya ɓata bandejin, an ce masa sai an sake buɗewa an kankare ƙashin. Ya ce ya nemi mutanen, suka aiko masa da hoton takardar a waya, ba su ƙara ko kalma ɗaya ba.

Malama Zainab:
Allah ya ba shi lafiya, Malam Lawal. Na yi aiki a sashen biyan diyya na wani kamfanin inshora, saboda haka bari in faɗi yadda abin yake daga wancan gefen teburin. Jami'in da yake duba fayil bai ga hatsarin ba kuma bai ga majinyacin ba. Takarda kawai yake gani, abin da ba a rubuta ba kuwa a wurinsa bai faru ba. Tayin farko yakan zo da wuri ne domin a lokacin ba wanda ya san girman raunin, kuma rufe fayil da wuri ya fi wa kamfani sauƙi. Ba mugunta ba ce lallai, aikin ne haka.

Game da tambayar Malam Bashir ta biyu, yawancin hujja a kwanakin farko ake samun ta ko a rasa ta, kuma tunda majinyaci yana kwance, aikin 'yan'uwansa ne. A ɗauki hoton wurin kafin a janye motar da babur idan hali ya yi, a nuna inda gilashi ya zube da sawun birki a kan kwalta da lambar motar. A karɓi lambar waya ta mutum biyu ko uku da suka ga abin, domin taron da ya cika wurin cikin minti kaɗan yake watsewa. Idan akwai kyamarar tsaro a wani gini kusa, a nemi hoton da gaggawa, saboda yawancinsu suna goge tsohon hoto da kansu bayan kwanaki ko makonni. A kai rahoto ga 'yan sanda, a karɓi kwafi. Kada a gyara babur ko a jefar da hular kwano da ta tsage kafin a ɗauke su hoto a duba su, domin inda babur ya lotsa yana nuna ta inda aka buge shi.

Abu biyu ne na ga sun fi rage wa mutane haƙƙi. Na farko shi ne giɓi a jinya: mutum ya bar asibiti, ya yi wata biyu ba wata takarda, sa'an nan ya dawo da ƙafa ta lalace, sai kamfani ya ce ba hatsarin ne ya lalata ta ba, sakacinsa ne. Na biyu shi ne harshe. Jami'i ya kira a waya ya ce yaya jiki, majinyaci ya amsa da "da sauƙi, alhamdu lillahi" kamar yadda kowane mai ladabi zai amsa, sai a rubuta a fayil cewa ya tabbatar yana samun sauƙi. Haka hoton da aka sa a Facebook yana tsaye a wurin taro yana murmushi, ba wanda zai rubuta a ƙarƙashinsa cewa sandarsa tana jingine a bango.

Alhaji Tanko:
Na ji bayananku, kuma maganar Dakta ta shige ni. Amma har yanzu kuna magana kamar kullum direban mota ne azzalumi. Ku faɗi gaskiya, masu babur nawa ne suke sa hular kwano? Nawa ne suke kutsawa tsakanin motoci, su wuce ta hannun da ba a wucewa, su keta danja, da dare kuma ba fitila? Idan irin wannan ya faɗo gaban motata, da wane dalili zan ɗauki nauyin jinyarsa da ta iyalinsa?

Barista Aminu:
Ranka ya daɗe, tambayarka tana kan hanya, kuma shari'a ba ta ce duk wanda ya ji rauni shi ne mai gaskiya ba. Mai neman diyya shi ne zai tabbatar da cewa direban ya yi sakaci a inda ya wajaba ya kula, kuma wannan sakacin ne ya jawo raunin. Wannan ƙa'ida ta kula da duk wanda aikinka zai iya cutarwa ta kafu ne a shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, kuma kotunan ƙasashe da dama a kanta suke tafiya. Idan mai babur ne ya keta danja ya faɗa wa motar da take kan hannunta, babu abin da zai samu, shi ne ma za a bi gyaran mota.

Inda aka fi samun saɓani shi ne idan kowa yana da nasa kason laifi. A da, a Ingila, ɗan sakaci kaɗan daga wanda aka buge yana rushe ƙararsa gaba ɗaya, har dokar 1945 ta zo ta ce a raba laifin a rage diyya gwargwadonsa. Yawancin ƙasashe yanzu haka suke yi, ko da yake jihohin Amurka kaɗan, irin su Alabama da Maryland da Virginia da North Carolina, suna nan a kan tsohuwar ƙa'ida. A kan hular kwano musamman, a shari'ar O'Connell da Jackson a farkon shekarun 1970, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta rage kashi 15 cikin 100 na diyyar mai babur da bai sa hula ba, duk da cewa direban motar ne ya jawo hatsarin. A wata shari'ar ta 1989, wanda ya sa hular amma bai ɗaure igiyarta ba an rage masa kashi 10. Ka lura, ragi ne, ba hanawa ba, kuma rashin hula ba ya shafar diyyar karayar ƙafa, tunda hula ba ta kare ƙafa.

Zaton cewa kullum mai babur ne da laifi kuwa, bincike bai goyi bayansa ba. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta, wanda aka wallafa a 1981 bayan an bi diddigin hatsarin babur 900 a yankin Los Angeles, ya gano cewa kimanin kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a kashi biyu cikin uku na irin waɗannan, ɗaya direban ne ya shiga hannun mai babur. Wanda ya fi yawa shi ne mota ta karya kwana a mahaɗa ta tare gaban babur da yake tahowa, direban ya fito yana rantsuwa bai gan shi ba. Gaskiya yake faɗa, bai gan shi ba, amma a shari'a wannan magana ba kariya ba ce, domin dubawa aikinsa ne.

Wani abin da yake ruɗa mutane shi ne a sallami direba a shari'ar laifi, sai su ɗauka maganar diyya ta mutu. Ba haka ba ne. Kafin a hukunta mutum da laifi sai hujja ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, amma a ƙarar diyya ya wadatar a nuna cewa maganar mai ƙara ta fi rinjaye.

Dakta Hauwa:
Kada wani ya karanta maganar Barista ya raina hular kwano don ragin kashi 15 kawai. Nazarin Cochrane na 2008, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Babu adadin diyyar da yake mayar da ƙwaƙwalwar da ta taɓu.

Malam Sabi'u:
Ina so in koma kan maganar Alhaji ta farko, cewa hatsari ƙaddara ne, domin ita ce take sa mutane da yawa jin nauyin neman haƙƙinsu, har wanda ya nema a riƙa yi masa kallon marar tawakkali. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta taɓa sauke lamuni daga kan wanda ya yi ɓarna ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure take magana, wato wanda ba a yi niyya ba, kuma duk da haka ta wajabta diyya a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa idan su ne suka yafe. Haƙƙin ya fara tabbata tukuna, sa'an nan mai shi ya zaɓi yafewa. Yafiyar da aka karɓa daga mutumin da bai san girman abin da ya yafe ba, ga kunya ga manya a kansa, akwai magana a kanta.

Malaman fiƙihu sun ƙayyade diyyar rai da raƙuma 100 ko dinari 1,000, hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ko ido ɗaya rabin wannan, yatsa raƙuma 10, haƙori 5, raunin da ya kai ga ƙwaƙwalwa ko ya shiga cikin ciki sulusi, gushewar hankali kuma diyya cikakkiya. Abin da ba a ƙayyade ba, alƙali ne yake ƙiyastawa da taimakon masana. Abin da ya dace da muhawararmu kai tsaye shi ne abin da ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, domin yana iya yaɗuwa ya ci gaɓa ko ya ci rai. Abin da Dakta ta bayyana da hoton ƙashi, shi malamai suka gina hukunci a kansa tun ƙarni na 10 na Miladiyya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa hatsarin mota yana ƙarƙashin waɗannan hukunce-hukunce, yawancinsa kuskure ne, direba kuma yana da lamuni sai idan abin ya fi ƙarfinsa ko aikin wanda aka buge ne ya jawo shi, kuma idan an yi tarayya a laifi kowa ya ɗauki nasa.

Shari'a kuma ba ta bar direba shi kaɗai da nauyin ba. A mazhabar Malikiyya, diyyar kuskure da ta kai sulusi ko ta wuce, danginsa na wajen uba ne suke haɗuwa su biya, a kan lokaci, ba a rana ɗaya ba.

Hajiya Rabi:
Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Barista, ni tambayata a kan wanda aka goyo ce, domin mu mata da yara mu ne muka fi zama a baya, ba mu riƙe kan babur ba, ba mu taka birki ba. Idan mai babur da mai mota suna jifan juna da laifi, wa fasinja zai bi? Idan kuma motar ta gudu ba a ga lambarta ba, ko aka kama direban aka tarar ba shi da inshora, shi ke nan an yi asara?

Barista Aminu:
Hajiya, wanda aka goyo shi ne ya fi kowa ƙarfin matsayi, domin da wuya a ce shi ya jawo hatsarin. Yana iya haɗa mai babur da mai mota a ƙara ɗaya, kotu ta raba laifin a tsakaninsu, wannan rigimarsu ce ba tasa ba. Ana iya rage masa wani abu idan bai sa hula ba, ko ya hau alhali ya san matuƙin a buge yake.

Kada kuma a tsaya a kan direba kawai. Idan yana bakin aikin wani kamfani ne ko wani mai gida lokacin da abin ya faru, wanda ya ɗauke shi aiki yana ɗaukar nauyin sakacinsa, kuma yawanci can ne ake samun abin biya. Shi ya sa sanin mai motar yake da muhimmanci kamar sanin mai tuƙa ta.

Game da wanda ya gudu ko marar inshora, ya danganta da ƙasa. Birtaniya tana da hukumar da kamfanonin inshora suka kafa tun 1946 domin biyan waɗanda direba marar inshora ya raunata, daga baya aka haɗa da wanda ba a gano ba. Afirka ta Kudu tana da asusun hatsarin hanya da ake tarawa daga harajin man fetur. New Zealand tun 1974 ta bar neman mai laifi a raunin hatsari, asusun gwamnati ne yake biyan kowa. Tambayar farko da za a yi wa lauya ita ce ko akwai irin wannan asusu a ƙasar da abin ya faru, da kuma sharuɗɗansa, domin yawancinsu suna neman rahoton 'yan sanda da aka shigar da wuri.

A nan dole in ja kunne, kada shawarar a jira rauni ya tsaya ta zama dalilin yin barci. Kowace ƙasa tana da wa'adin shigar da ƙara, wanda idan ya wuce kotu ba za ta saurari mutum ba komai gaskiyarsa. A Ingila shekara 3 ne, a jihar Tennessee ta Amurka shekara 1 tak, a Faransa shekara 10 daga ranar da likita ya tabbatar raunin ya tsaya. Ƙarar da ta shafi motar hukuma a wurare da yawa wa'adinta ya fi haka gajarta ƙwarai, wani wurin watanni ne. Alƙawarin baki na cewa za a biya ba ya tsayar da wannan wa'adi, kuma na ga waɗanda aka yi ta lallaɓawa da "gobe, jibi" har ya cika. Ana iya shigar da ƙara tun jinya ba ta ƙare ba, a ci gaba da tattauna sulhu a gefe. Abin da ake jinkirtawa shi ne sa hannun ƙarshe.

Dakta Hauwa:
Ƙari kaɗan a kan rahoton likita, tunda a kansa ake gina lissafin. Kada a wadatu da takardar sallama mai layi uku. A nemi rahoton da ya faɗi raunukan ɗaya bayan ɗaya, da aikin da aka yi, da wanda ake sa ran yi, da abin da majinyacin ba zai ƙara iya yi ba. Idan an bugu a kai, iyali su riƙa rubuta abin da suka lura da shi, kamar mantuwa, saurin fushi, rashin barci, ko firgita da ƙarar mota, su gaya wa likita ya shigar a kati, domin waɗannan ba sa fitowa a hoto, kuma majinyacin kansa sau da yawa bai san ya canza ba.

Alhaji Tanko:
To, na yarda a jira rauni ya nuna kansa, kuma na yarda a rubuta abin da aka bayar. Amma maganar kuɗin lauya ba wanda ya amsa mini. Sa'an nan direban da ba shi da kamfani a bayansa, ba shi da inshora, motar ma ba tasa ba ce, idan kotu ta yanke masa abin da ba zai iya biya ba ko ya sayar da duk abin da ya mallaka, wa aka amfana?

Barista Aminu:
Alhaji, a kan kuɗin lauya, a yi yarjejeniya a rubuce tun ranar farko. A inda doka ta yarda lauya ya ɗauki kaso daga abin da aka samu, kamar Amurka inda sulusi ne aka fi sabawa da shi, a fayyace ko kafin cire kuɗin kotu da na rahoton likita za a lissafa kason ko bayan an cire, da kuma wanda zai ɗauki waɗannan kuɗaɗe idan aka faɗi ƙarar. Wanda ba shi da hali ya tambayi ofishin taimakon shari'a kyauta, ƙasashe da yawa suna da shi. Kuma yawancin irin waɗannan ƙararraki ba sa kai wa ga hukunci, a teburin sulhu suke ƙarewa.

A kan direba talaka, gaskiyarka, hukuncin da ba za a iya aiwatarwa ba takarda ce kawai, kuma lauyan kirki zai faɗa wa majinyaci haka kafin ya kashe abin da ya rage masa. A irin wannan hali nakan ba da shawarar a fara bincikar mai motar, domin wanda ya ba da motarsa a yi masa aiki da ita ba tare da inshora ba yana da nasa alhakin a dokokin ƙasashe da yawa. Idan nan ma babu komai, sai a zauna a yi sulhun biya kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙarfin direban, a rubuta adadi da ranakun biya, shaidu su sa hannu, a kai kotu ta amince da shi ya zama hukuncinta, ta yadda idan ya daina biya ba sai an sake sabuwar shari'a ba.